Kyanwar Gado da Sunan Kare

Nuhu, daina kallona kamar na kashe maka uba. E, na buge maka hannu, kuma a gaban mai kyanwa na buge shi. Da bulala ce kusa da ni, da ita zan yi. Mace ta shigo da kyanwa cikin kwando, baki a wangale, miyau na dalala, ta ce ƙashin kifi ne ya maƙale mata, kai kuma da diflomarka da ko tawadarta ba ta bushe ba sai ka naɗe hannun riga ka zura yatsa. Haba! Je ka famfo. Ga sabulu nan, ka yi ta cuɗa hannun nan ƙarƙashin ruwa, kada ka daina sai na gama magana. Minti goma sha biyar ake yi, ni kuma ban iya gajeren labari ba, ka ga mun dace. Zuwaira, ke ma ba ki tsira ba, ke kika haska masa tocila. Jawo benci ki zauna. Kyanwar na kulle ta a kejin baya, makullin yana aljihuna. Matar kuma na ba ta buta da sabulu a gindin mangwaro, ban gaya mata dalili ba tukuna.

Na san yadda kuke kallon sana'ar nan. A wurinku aikin likitan dabbobi shi ne bijimi: a kayar da shi, a ɗaure, ka caka masa allura, Bafulatani ya jinjina maka, ka ɗauki hoto ka sa a waya. Kyanwa kuwa aikin wasa ce, abin da ake bar wa tsoho irina. To ku ji. Shekara talatin da 'yan kai ina cikin aikin nan tsakanin Parakou da Djougou. Sa ya taka ni, jaki ya harbe ni, babu ɗayansu da ya sa gabana ya faɗi. Sa in zai yi maka ɓarna yana sanar da kai, ya sunkuyar da kai, ya tona ƙasa da kofato. Kyanwar da ciwo ya hau wa ƙwaƙwalwa ba ta sanar da kowa, sau da yawa ma ita ce ta fi kowa ladabi a ɗakin.

Aikin farko da maigidana ya ba ni shi ne zama a kujera. Mushe Sabi ake ce masa, wato malam Sabi a bakin masu Faransanci, mutumin Nikki, yana da ɗan shagon maganin dabbobi a bayan Gar, inda manyan motoci ke lodi. Mahauta suna tsokanarsa, wai likitan da sunansa ma Mushe ne, ina dabba za ta kai ga wuƙa a hannunsa. Ranar da na fara, wani direba ya kawo muzuru yana tangaɗi. Na miƙa hannu, kamar yadda wani ya yi ɗazu. Mushe Sabi bai buge ni ba, shi mai haƙuri ne, ba irina ba. Ya sa ƙafa ya turo mini kujera, ya ajiye kwanon ruwa a tsakiyar ɗaki, ya ce, "Zauna a kan hannuwanka. In ka gaya mini abu biyar game da shi ba ka taɓa shi ba, in ba ka safar hannu." Na yi sa'a guda ina cika ina batsewa, abu biyu kacal na samo. Wata uku na yi a kujerar nan kafin ya bar ni na riƙe sirinji. Sauran kayan aikin kuna ganinsu a rataye kullum, ba wanda ya taɓa tambayata amfaninsu: buhun algarara na lulluɓe kyanwa, safar masu walda mai kaiwa gwiwar hannu, doguwar sanda, da keji mai makulli.

Dalilin kujerar shi ne, ciwon da ke hawa kan kyanwa ba guda ɗaya ba ne, amma daga nesa duk kamarsu ɗaya: tangaɗi, karkatar kai, shure-shure, ido a kafe. Wani ma ba cuta ba ce sam. Sau nawa aka kawo mini kyanwa daga ƙauyukan auduga tana karkarwa, sai na shinshina in ji warin maganin feshi, ashe da shi aka wanke ta don a kashe mata ƙuma! Wannan sabulu da ruwa da ƙarin ruwa ne aikinta. Waɗanda nake so ku sani su ne na birus, ƙwayar cutar da ba ta jin antibiyotik ko kwalba goma kuka zuba, mai bin jiki har ta isa ƙwaƙwalwa.

Wata rana Hajiya Larai mai hatsi ta aiko mini zemijan, wato ɗan acaɓa, daga kasuwar Arzeke, wai in zo maza, aljanu sun shafi 'ya'yan kyanwar rumfarta. Na tarar an zuba su uku a buhu, za a kai su rafi. Na sa aka juye su a ƙasa, na jawo tiya na kife na zauna. Suna tafiya ƙafafu a warwatse, kai na rawa, su yi taku biyu su faɗi. Na sa musu ɗan kifi. Wallahi kamar za su cinye ni tare da shi! Suna ci, suna sha, suna kokawa da juna. Na ce, "Hajiya, uwarsu ta yi ciwo tana da cikinsu?" Ta ce ta yi amai da zawo har an fid da rai. To shi ke nan. Tifus ne na kyanwa ya kama uwar, ya shiga cikin, ya hana ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya girma, wadda ke daidaita tafiya. Ba ya ƙaruwa, ba ya warkewa, ba ya kama mutum. Sai da na yi rantsuwa sau uku kafin ta yarda ta bar su. Ɗayansu ta yi shekara tara a rumfar nan tana tangaɗi tana kama ɓera, ban san yadda take yi ba.

Akwai kuma wanda littattafanku ke kira pif. Matar wani mai motocin Gar ta kawo ɗan kyanwa wata bakwai, zazzaɓi mako uku, ya rame, idonsa ya yi hazo-hazo, ƙafafun baya suna ja. Wani mai koyon aiki irinku ya riga ya sauya masa allura kala huɗu. Na ce a daina huda shi, a ba shi inuwa. A zamanin nan ba mu da abin yi masa. Yanzu na ji an samo magani, sai dai ni ban taɓa riƙe shi a hannuna ba. Shi ma wannan ba ya kama mutum.

Abin da ke ƙona mini rai ke nan. Waɗanda ba su da laifi su ake jifa da dutse, ana cewa sun haukace. Mai kisan kuwa, ita ake rungumewa.

Shekarar da ba na son tunawa, an tura ni Djougou duba nama a kwata. Kowace safiya in duba huhu da hanta, in buga hatimi, a kai kasuwa. A nan na san Gado. Mahauci ne, ɗan mahauci, ya girme ni da kamar shekara goma. Ni ina ce masa Yaya Gado. Shi kuma in tsokana yake ji sai ya ce mini Likita, in maganar gaskiya ce sai ya ce Salifu. Ban taɓa ganin mai tsabta kamarsa ba, rigarsa ta aiki ta fi ta sallar wasu fari, butarsa ba ta rabuwa da shi. Yana da wata kyanwa fara da ya sa wa suna 'Yar Gata. A kwanon da yake tarar ruwan alwala take sha, in ka yi magana ya ce ai ragowar kyanwa mai tsarki ce, je ka tambayi malamanka. A damanar nan karnukan ƙauye sun yi ta haukacewa, an kashe wasu a bakin gari. Kowa na tsoron kare, yara ma sun san in kare ya ciji mutum sai asibiti.

Wata safiya, kwata a cike, mata masu tuwo da masu tsire suna jiran nama, sai ga Gado da kwali a hammata. Ya ajiye a kan teburina ya ce, "Likita, yau ga aikin da ya dace da kai. Ƙashi ne ya tsaya wa 'Yar Gata a wuya, kwana biyu ba ta haɗiye komai. Na laluba, na laluba, ban same shi ba."

Na leƙa kwalin. Tana kwance shiru, baki a buɗe, haɓa duk miyau, ƙafafun baya ba sa motsi. Ta buɗe baki za ta yi kuka, muryar ta fito a shaƙe, ba irin ta kyanwa ba. A gefen wuyanta akwai tabon rauni da ya warke. Na tambaye shi, ya ce wata guda da ya wuce ta dawo da shi, faɗan muzurai ne. Sai na dubi hannunsa. Kun san hannun mahauci, ba ya rabuwa da yanka, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ban da yankan wuƙa, manuninsa na dama yana ɗaure da tsumma.

Na ce, "Ta cije ka?"

Ya ce, "Wane cizo? Ni na kai hannuna, haƙorinta ya ɗan karce ni. 'Yar Gata ba ta taɓa cizon kowa ba."

A nan na yi kuskuren da ya fi kowanne girma a rayuwata ta aiki. Tsoro ya kama ni, na miƙe tsaye, na ɗaga murya yadda har masu fiɗa suka dakata, na ce, "Yaya Gado, wannan haukan kare ne! Haukan kare ya shiga jikinka!"

Ku lura da kyau. Mu nan bakinmu biyu ne, yini muke muna tsallakawa daga Hausa zuwa Faransanci ba mu ma sani ba. Bature ya ce laraj, bai sa kare a cikin sunan ba, don ya san kyanwa na yi, jaki na yi, saniya na yi, duk abin da ke da jini mai ɗumi da miyau. Mu ne muka laƙaba wa kare shi kaɗai. Da laraj na ce, kuma da a bayan rumfa na faɗa masa mu biyu, da ya ɗauka ciwon asibiti ne kamar kowane. Amma harshena ya zaɓi Hausa, a tsakiyar kwata, ga mutumin da ke sayar wa Musulmi nama. Magana zarar bunu ce.

Sai wani daga cikin mahautan, abokin wasansa, ya yi haushi irin na kare. Aka fashe da dariya. Mata biyu da ke gaban teburin Gado suka ɗauki kwanoninsu suka koma na gaba. Gado ya rufe kwalinsa a hankali ya ce, "Kare? Tun kakana, kare bai taɓa tsallake zaurenmu ba. Kyanwa ce wannan, Likita, ko makarantarku ba ta koya muku bambanci ba?" Ya ɗauki abinsa ya tafi. Ko hannun bai wanke ba, don wankewa a gaban mutane amsa laifi ne.

Da azahar na bi shi gida. Na yi masa bayani dalla-dalla: cutar a miyau take, tana shiga ta rauni, ta bi jijiya a hankali tana hawa zuwa kai. Muddin ba ta isa ba, allurar rigakafi na tare ta. In ta isa, babu likitan da ya iya komai. Na ce gobe da safe mu hau mota zuwa Parakou, ba wanda zai sani. Ya ce, "A Djougou? Ka taɓa ganin abin da ba a sani ba a Djougou? In na je, na yarda ke nan cewa ni kare ne. Wa zai sake cin naman hannuna?" Ba rashin hali ne ya hana shi ba, yana da shi daidai gwargwado. Sunan nan ne ya tsaya masa a wuya, shi ne ƙashin.

Kwana biyu bayan nan kyanwar ta mutu. Na roƙe shi ya ba ni kanta in aika labo, ɗakin gwaji, cikin ƙanƙara, in ta tabbata ba shi ba ne in tsaya a kwata in ba shi haƙuri a gaban kowa. Ya ce, "Kan kyanwar da ke sha a kwanona za ka yanke? Allah ya sawwaƙe." Ya riga ya binne ta, ya kuma ƙi nuna mini wurin. Na je wurin matarsa Azumi, ta ce ta yi magana har ya daina cin tuwonta. Na je wurin limamin unguwarsu, mutumin kirki, ya kira shi ya ce neman magani ba ya rage imanin kowa. Gado ya ce to, to, Malam, ya fito bai je ko'ina ba.

Ciwon yatsan ya warke sarai. Kowace safiya in na zo da hatimina sai ya ɗaga mini shi sama ya ce, "Likita, ina kwana? Yau ma ban yi haushi ba." A yi ta dariya. Shi bai yi haushi ba, ni ne nake ta jin haushi. Masu sayen namansa suka dawo. Mako uku, mako biyar, har ni kaina na fara cewa ko na yi kuskure ne, na kuma roƙi Allah ya sa kuskuren ne. Ku riƙe wannan ma, cutar nan ba ta gaggawa, tana iya yin watanni a hanya.

A mako na bakwai na gan shi yana yankan nama yana tsayawa, yana yarfe hannu. Ya ce yatsan ne ke masa tsiko kamar tururuwa na bi. Washegari bai zo kwata ba. Rana ta uku Azumi ta zo da kanta, ba ta ko yi sallama ba, ta ce yana kirana.

Na same shi a zaure, an jingina shi da bango, hankalinsa garau. Lokacin la'asar ya yi, Azumi ta kawo masa buta. Ƙarar ruwan kawai ya ji yana motsi a ciki, sai maƙogwaronsa ya shaƙe, jikinsa ya ɗau rawa, ya kau da kai yana ture ta da ƙafa. Mutumin da ban taɓa gani ba tare da butar nan ba! Da ya lafa sai ya ce a ɗebo masa ƙasa a faranti. Ya yi taimama, ya yi sallarsa a zaune. Da ya sallame ya dube ni ya ce, "Salifu, kai ni Parakou a yi mini allurar nan."

Bai ce Likita ba. Na san ba a fafe gora ranar tafiya, shi ma ina jin ya sani. Na ce, "To, Yaya Gado, bari in samo mota." Muka kai shi. Likitocin sun yi abin da za su iya, wato rage masa wahala. Kwana huɗu ya yi.

A wurin zaman makoki ina ji da kunnena ana cewa sammu ne, wasu su ce iska, don kowa shaida ne kare bai taɓa shiga gidan Gado ba. Ban buɗe baki ba, bakin nan ya yi ɓarnar da ta isa. Sai na jira aka watse, na ja Azumi da ƙanensa da ya yi jinyarsa gefe, na ce musu likitoci sun ce laraj ne, duk wanda miyansa ya taɓa sai an yi masa rigakafi. Ba gardama, ba tambaya, washegari suka hau mota. Da sauƙi haka, wallahi da sauƙi haka. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Kyanwar da ke kejin baya, ban ce shi ne ba. Mai yiwuwa ƙashin kifin ne da gaske, in haka ne gobe ku yi mini dariya, na yafe. Amma ba da yatsa ake ganewa ba. Za mu zauna mu kalle ta, mu sanar da ofishin da ke sama da mu, kuma ba za mu jira ta mutu ba kafin mu duba mutanen da suka taɓa ta.

Zuwaira, tashi ki je wurin matar nan. Akwai masu kawo awaki a layi, saboda haka ki ja ta bayan shago, ku biyu kawai. Kada ki tambaye ta wa kyanwar ta ciza, za ta ce ba kowa, kuma gaskiyarta ke nan. Ki tambaye ta su wa suka nemi ƙashin, ta lissafa miki su har 'ya'yanta da maƙwabta. Ki ce mata laraj muke zargi, ciwon miyau ne, akwai allurarsa. In na ji kin ambaci kare, ki ɗauki jakarki ki koma gida.

Kai kuma Nuhu, kashe famfon haka nan. Na ji, ba ta cije ka ba, sau uku ke nan kana faɗa. Ban tambaye ka cizo ba. Matso nan wajen haske, miƙo hannun in gani.